Farin tabo a ƙasan kafaɗa

A shekarar da na shiga ajin manya a lakwal ɗin Damagaram, wato makarantar boko, aka kawo mana wani tsohon sarjan ya riƙa koya mana motsa jiki, abin da Faransawa ke kira jimnastik. Da sassafe yake jera mu a fili, mu tuɓe riguna, daga mu sai gajeren wando. Mu yi gudu, mu yi tsalle cikin ramin yashi, mu hau igiya. Ranar Laraba kuma mushe, malamin ajinmu, ya yi mana darasin tsafta, ya duba farce da haƙora, ya ba mu labarin ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani.

Ni ɗan Birni ne, gidanmu gidan dukawa, a gida nake kwana. Wanda ke tsayawa bayana a layi kuwa wani dogon yaro ne daga Zermu, da aka ɗauko daga gonar ubansa aka ajiye a ɗakin kwanan lakwal. Duk ajin babu mai tsallensa. Mun shaƙu, har nakan ɓoyo masa ƙuli-ƙuli daga gida.

Wata safiya muna layi ya raɗa mini, "Kai, akwai wani farin tabo a bayanka, ƙasan kafaɗa."

Na ce ƙura ce.

Ya ce, "Na goga da yatsa, bai fita ba."

Da ban damu ba, sai dai a makon nan mushe ya yi mana darasi a kan kuturta. Ya ce da farin tabo take farawa, wanda ko an taɓa shi ba a ji. Ya ce lokotoro, wato likita, zai zo kafin hutu ya duba kowa tsirara, wanda aka same shi da ita kuma a raba shi da lakwal a kai shi can bayan gari inda ake ajiye kutare. Ban ji sauran darasin ba. Ji nake yi duk ajin bayana suke kallo ta cikin riga.

Da na koma gida na ja Inna cikin ɗaki na tuɓe. Ta juya ni wajen hasken ƙofa, ta duba wurin.

Na ce, "Inna, ita ce?"

Ta ce, "Rufa mini baki. Kada ka gaya wa kowa, ko babanka."

Ta kwaɓa lalle ta shafa a wurin, wai ya rufe farin. Washegari wurin ya yi ja zur. Ina tuɓewa a fili yara suka fashe da dariya, wani ya ce an kawo amarya jimnastik. Sarjan ya daka tsawa aka yi tsit. Ya zagayo ya dubi bayana, sa'an nan ya mayar da ni layin ƙarshe inda babu kowa a bayana. Da aka tashi ya kira ni gefe.

"Wa ya sa maka wannan?"

"Innata ce, Sarjan."

"Ka ce mata ta bari. In lokotoro ya ga an ɓoye abu, ba zai tsaya bincike ba."

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Abinci ya daina shiga. Ina tafe cikin lungunan Birni ina mintsinin yatsuna, in ji ko har yanzu suna jin zafi. In leƙa randa in duba ko gashin girata ya fara zuba. Ranar Juma'a na ga kutare zaune bakin masallaci kamar kullum, mutanen da na saba wucewa ban ko kalle su ba, ranar kuwa hannuwansu kawai nake kallo. A fili ma na lalace. Na kai tsakiyar igiya hannuna ya saki, na faɗo cikin yashi, na ce shi ke nan, ta kai ga yatsu. Abokina ɗan Zermu ya ɗaga ni yana cewa, "Yunwa ce, ba ka cin komai."

Ranar da lokotoro ya zo aka jera mu a barandar aji. Bature ne jajir mai tabarau, tare da wani amfirme, ma'aikacin jinya Bahaushe da ke yi masa tafinta. Lallen ya koɗe, tabon ya fito fili. Da aka zo kaina lokotoro ya juya ni, ya danna wurin da babban yatsa.

Amfirme ya ce, "Rufe idonka. In ka ji an taɓa ka, ka faɗa."

Na rufe. Wani abu mai laushi ya shafi bayana, na zabura na ce, "Na ji! Wallahi na ji!" Ashe auduga ce. Aka sake, na sake ji. Lokotoro ya kankare wurin da farce, ya faɗi wata kalma.

Amfirme ya ce, "Ƙyasbi ne, ba kuturta ba. Ka zo asibiti a ba ka man shafawa. Wuce."

Na wuce gefe ina neman rigata. Ina nan tsaye aka zo kan abokina. An sa shi ya sauke wando, sai ga wani tabo a cinyarsa, wurin da babu wanda ya taɓa gani. Ya rufe ido yana murmushi. Na ga amfirme ya goga audugar a kai, ya sake gogawa.

Sai abokina ya ce, "Ba ku fara ba?"

Sarjan, da ke tsaye bakin baranda, ya sunkuyar da kai.

A ranar aka kwashe tabarmarsa daga ɗakin kwana, aka kai shi wurin kutare. Bayan gari bai daɗe ba, ubansa ya zo ya yi ta roƙo har aka bar shi ya koma da shi ƙauye, da sharaɗin a riƙa kawo shi allura. Nawa tabon ya ɓace kafin damina.

Na sake ganin abokina bayan na fara aiki, wata rana da hanya ta bi da ni ta Zermu lokacin roron gyaɗa. Yatsunsa na hagu sun ɗan lanƙwashe, amma yana nomansa, har ya yi iyali. Na miƙa masa hannu, ya ɗan yi jinkiri kafin ya karɓa. Matarsa ta dama mana fura, muka zauna gindin gawo har la'asar.