Zarmast Mai Rediyo da Jana'izar Uwarsa

Zarmast bai taɓa riƙe bindiga ba, abin da a yankinmu na Waziristan ake ɓoyewa don kunya. Ɗan kawuna ne, kuma shi ne ladanin masallacinmu, ƙato mai murya kamar jaki ya hango hatsi. Muryar ce ta ja masa. Da mayaƙan kan dutse suka kafa rediyo a bayan shagon gyaran babura, kwamandansu ya aiko cewa Zarmast zai riƙa karanta labarai. Wa ya isa ya ce a'a?

Rabin shirin cigiyar akuya ne da kukan tsadar fulawa. Sauran rabin takardar kwamanda ce, wadda kullum ke cewa sun gama da sojoji, su ko ƙwarzane babu. Gogan naka ya sayi falmaran mai aljihu rututu, ya ce daga yau shi ɗan jarida ne.

Ana nan sai jirgin nan mara matuƙi, wanda muke kira zanzaro, ya kashe wani mai irin aikin Zarmast a kwarin gaba, har da waɗanda ke shan shayi da shi. Musu ya kaure a zauren baƙi.

Ustaz Mirwali na makarantar boko ya ce, "Doka ta hana a taɓa wanda bai ɗauki makami ba."

Baba Nur Gul mai gurasa ya ce, "To Ustaz, hau sama ka karanta wa zanzaro. Wanda ya zama bakin mayaƙa ai nasu ne."

"Haba Baba, ni fa akuya nake cigiya!" in ji Zarmast. Ya dube ni. "Ɗan'uwa, matso mana."

Na ce, "Daga nan ma ina jin ka sarai."

A wurinmu ba a korar baƙo, ko shi ya kashe ubanka. Ɗan banzan nan ya gano haka, ya koma zagayen gidaje daidai lokacin sauke tukunya. Ana ganinsa sai a kwaso masa cinyar rago, mai gida ya tsaya a kansa, ido ɗaya a sama, yana "Ci, ci, kada ya huce!" Shi kuwa ya miƙe ƙafa ya nemi ƙarin shayi. Kafin kaka falmaran ta daina rufuwa. Wallahi a lokacin na tsane shi, don zakarana ma a cikinsa ya ƙare.

Sai uwarsa Bibi Zarlashta ta rasu, ungozomar da ta yanke cibiyar rabin ƙauyen. Ɗa ne ke riƙe gaban makara, shi ke shiga kabari ya kwantar da uwarsa, kuma jana'izar da ba mutane abin gori ce har jikoki. Hantsi ya yi, zanzaro na ta kuka a sama, ba wanda ya leƙo sai ni da Ustaz, mu ma muna rakuɓe a bakin ƙofa. Kowa ya san zanzaro ya taɓa afka wa masu jana'iza.

Zarmast ya daɗe yana kallon tabarmin da aka shimfiɗa, sannan ya fita. Jim kaɗan muka ji shi a rediyo.

"Jama'a, Bibi ta rasu, bayan azahar za a yi mata salla. Ni ba zan zo ba. Zan hau dutsen gabas in tsaya inda kowa zai gan ni, na sama da na ƙasa. Don Allah ku zo. Ita ba ta taɓa karanta wa kowa komai ba."

Ƙauye ya fito kaf, har Baba Nur Gul, yana sharar hawaye da jelar rawani. Ni na shiga kabarin a madadinsa.

Da na fito na hango shi can saman dutse, tsaye shi kaɗai. Na ɗaga masa hannu, alamar an kwantar da ita. Ya ɗaga nasa, sannan ya juya ya ƙara hawa sama, don mutane su watse lafiya.