Kyaftin Bai Yi Sallama Ba

Warin gam da jiƙaƙƙen kwali ne ya tarbe ni ranar da na dawo daga aiki, a ɗan gidanmu na unguwar Tremont, a nan ƙasar Turawa. 'Yata ta baje a falo tana haɗa jirgin ruwa. Makarantarsu za ta yi wasan kwaikwayo a kan Turawan da aka ce sun gano tsibiran tekun Fasifik, kuma ita aka ba kyaftin. Takardar izini na kan tebur tana jiran sa hannuna.

Ka san ni ma na taɓa yin wasan nan a firamare, a zangonmu na Kumasi, ƙarshen wata damina. Ashe wauta ma tana da fasfo. Sai dai ni mutumin tsibiri aka ba ni. Hedimasta ya sa aka tuɓe mana riguna, aka ɗaura mana ganyen ayaba, aka shafe mu da gawayi, kamar baƙin da Allah Ya yi mana bai isa ba. Aikina in rarrafa in miƙa wa kyaftin kwakwa, ya ba ni ƙusa ɗaya, in yi ta tsallen murna. Littafinmu ya ce haka aka yi cinikin: abinci da ruwan sha, duk a kan ƙusa. Cututtukan da jirgin ya sauke kuwa gyara ne, littafin bai ga dalilin ambatonsu ba.

Kakata, mai sayar da koko, ta rufe tukunya ranar, ta ɗaura zanenta na Sallah, ta zauna a layin gaba don ta ga jikanta. Ta ga ɗan hedimasta da hular kwali ya diro daga jirgi, ya kafa tuta, ya ce ƙasar ta zama ta sarkinsu. Ta gan ni a durƙushe. Sai ta juya ga maƙwabciyarta da muryar da take kiran masu sayen koko:

"Wannan mai hular, ya yi sallama kuwa?"

Aka yi dariya, ban da ita. A hanya ta karɓe ƙusar, ta ce wanda ya faɗo maka gida babu sallama, ya kuma ce shi ya gano ka, sunansa ɗaya ne a kowane yare. Ta buga ta a bangon banɗaki, aka riƙa rataya soso.

Na so in yaga takardar. Amma yarinyar nan sati biyu tana haddar jawabinta, kuma ba a taɓa sa ta a gaba a komai ba. Na ba ta labarin Kaka da Hausa, ta saurara tsaf, ta amsa da Turanci cewa ita dai ba za ta ajiye hular ba. Na sa hannu ina jin haushin kaina.

Shekara arba'in da teku guda, abin da ya canza kawai ganyen ayaba ne ya koma leda. Ranar wasan aka turo jirgin, 'yata ta ɗaga ƙafa za ta sauka, sai ta mayar, ta ce:

"Salamu alaikum."

Iyaye biyu-uku suka amsa daga baya, amma ba su ne masu tsibirin ba. Yaran tsibiri suka kalli malama, don wannan ba ya cikin takardarsu. Malama ta yi ta yafuto 'yata da hannu ta sauko. Kyaftin dai tana tsaye da tutarta tana jira, har aka ja labule.

A shekarar nan, a Tremont, ba a gano kowa ba.