Zane Uku a Gindin Karbiratar

Karsana ɗaya ce, ja, mai farin goshi. Ita ke nan dukiyata a duniya ina ɗan shekara goma. Kakata ce ta ba ni ita ranar da na fito daga kaciya. Har yau in ƙanshin isansi, wato man mota, ya bugi hancina da safe a shagona, ita nake tunawa.

Zamanin Nasara ne, kumandan, Baturen mulki, na zaune a Dogon Dutsi. Mahaifina ya sayi wata tsohuwar motar soja da aka yi gwanjonta, da niyyar jigilar gujiya daga Matankari in kaka ta yi. Aka turo ta har bakin rumbunmu, nan ta kafe. In an juya hannun tayarwa sai ta yi tari biyu ta yi shiru. Kakata ta ce doguwa ce ta hau ta, ta hana mata wucewa ta kusa da ita.

Ƙanen mahaifina, wanda muke ce wa baba ƙarami, ya taɓa yin karen mota, saboda haka maganarsa ce magana. Ya buɗe, ya leƙa, ya ce karbiratar ce ta mutu, wato ƙarfen da ke gauraya mai da iska. Sabuwa kuwa sai Sakkwato.

Kuɗi babu, kuma ba a sayar da hatsi ana tsakar damina. Sai ido ya koma kan karsanata. Mahaifina ya dafa kaina ya ce, “Aro ne. In mota ta tashi, biyu za ka samu.” Na riƙe igiyar da kaina har kasuwa, wani Bafulatani ya saye ta.

A wancan lokaci ba a sayen kayan mota da suna, tsohon ake ɗauka a je a gwada. Aka kwance karbiratar, ta kwana uku a ƙarƙashin rumbu kafin baba ƙarami ya tafi da ita. Don haushi na sami ƙusa na yi mata zane uku a gindi, irin tsagar da ke kunnen karsanata.

Bayan kwana tara baba ƙarami ya dawo da sabuwar riga da keke, da karbiratar naɗe a takarda tana walƙiya. Muka shimfiɗa tabarma aka jera kusoshi a faifai. Akwai ƙusa guda ta ƙasa da hannun manya ba ya kaiwa, aka ce in sa nawa. Yatsana ya sauka a kan zane uku.

An goge ta ne kawai da toka da tsamiya.

Na ja mahaifina bayan rumbu na faɗa masa. Ya tafi ya shafa da kansa. Ya daɗe tsugune, yana kallon keken da ke jingine. Sannan ya ce, “Yi kurum. Ƙanena na. Ka so a ji mu a gari?”

Aka juya hannu, mota ta tashi. Datti ne dama ya toshe karbiratar. Mata suka yi guɗa, baba ƙarami ya ɗaga ni sama yana cewa, “Ga bakanikenmu!” Ban yi kuka ba sai da kakata ta kama kunnena a hankali ta ce, “Na gani a fuskarka.”

Yau kayan mota nake sayarwa. Duk wanda ya kawo mini tsohon ƙarfe, a gabansa nake zana shi kafin ya bar hannunsa. Yaran zamani suna dariya, su da ke aiko hoto a waya.

Motar ta yi kaka biyu ta mutu, kaji suka gaje ta. Biyun da aka yi mini alkawari ban ga ko kofato ba. Karsanata kuwa na sake ganinta a rijiyar garin Kieshe, saniya sosai, da maraƙi a gindinta. Baba ƙarami ya ci saniya guda, na yafe masa tuni. “Yi kurum” ɗin mahaifina ne har yau ban san kuɗinsa ba.