Saukar Malam Chaibou a Gonar Tuffa

Ku matso, ku gyara zama, in ba ku labarin Malam Chaibou, mutumin Damagaram da ya yi shekara ashirin da bakwai yana raba wasiƙu daga biro zuwa biro, wato ofis-ofis, a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Paris. Gidansa na Stains a gefen Paris, hawa na shida, kekensa kuwa a baranda yake kwana, lulluɓe da tsohon zanen gado. Tun yana yaro da keke yake kai wa mahaifinsa kaya kasuwa, har furfura ta fito bai sauka ba. Abokan aiki na matse a cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi tuni ya iso ya ɗora ruwan shayi.

Yana da amini, Abdulhamid, da ke zaune a Bron kusa da Lyon. Benci ɗaya suka zauna a makaranta. Da matarsa Mutmainna ta rasu, sai Abdulhamid ya ja ƙofa ya rufe. Gaisuwar waya da a da ba ta ƙarewa ta koma "lahiya lau", ya kashe. Wata rana ɗiyarsa Raliatou ta kira Chaibou.

"Baba Chaibou, ko masallacin Juma'a ya daina zuwa. Tsoro nike ji."

Chaibou ya ɗauki hutu, ya hau jirgin ƙasa, ya je ya zauna masa a falo.

"Tashi, tsoho. Bakin teku za mu, bisa keke."

"Ka ƙyale ni."

"In ƙyale ka wa zai ɗauki tukunya?"

Kwana uku yana wannan naci, har Abdulhamid ya yarda don kunnensa ya huta.

Aka samo wa Abdulhamid keke. Daga Dieppe, a bakin teku, suka ɗauki hanya, da tanti biyu, da ɗan murhun gas, da dabino da kilishi. Teku na dama, iska na dukan fuska, hawa kuwa ba ya ƙarewa. Chaibou na gaba yana zuba, Abdulhamid na baya, shiru. Rana ta uku da azahar Abdulhamid ya ce, "Gobe ka kai ni tasha. Gida nike so." Chaibou kuwa ya san ɗakin da amininsa zai koma.

Ga kuma wata: watan Agusta ne, duk filin kafa tanti da suka je an rubuta ya cika. Da ma Raliatou ta ce wa Chaibou ya kama wuri tun daga Paris, ya ce shi bai taɓa jin matafiyi ya aika wa masauki takarda ba.

"Ka ga irin taka," in ji Abdulhamid. "Sai mu kwana bisa kwalta."

Chaibou ya shiga shagon burodi na ƙauyen da suka tsaya, ya tambayi wa ya fi kowa tsufa a nan, kamar yadda mahaifinsa ke yi in tafiya ta kai shi baƙon gari. Mai shagon ta yi dariya, ta nuna masa gonar Madam Odile.

Da suka isa gonar, Chaibou bai taɓa ƙyauren ba. Daga waje ya tsaya, ya cire hular kwano, ya tafa hannu. Da tsohuwar ta leƙo, ya shiga gaishe ta da Faransanci, gaisuwa irin ta gida: ya jiki, ya gajiya, ya ruwan bana, ya shanu?

"Me kuke sayarwa?" ta ce.

"Ba komi, Madam. Baƙi ne, yamma ta yi mana."

Ya miƙa mata dabino da hannu biyu. Ta dube su sama da ƙasa, sannan ta nuna musu gindin itatuwan tuffa.

Ba su gama kafa tanti ba sai ga ta da madara mai ɗumi. Ta zauna bisa bokiti, ta ce tun da mijinta ya mutu, shekara huɗu ke nan, ba wanda ya tambaye ta lafiyar shanu.

Abdulhamid ya ɗaga kai. "Shekarar farko, yaya kika yi?"

"Shanu ba ruwansu da makoki. Safiya ta yi sai an tatse su. Wata shida ina zagin su, su kuwa suna fitar da ni daga gado."

Abdulhamid ya yi dariya, dariyar ta zame masa kuka. Sai ya fara ba ta labarin Mutmainna, yadda take ƙona shinkafa ta ce laifin tukunya ne. Chaibou ya sulale ya koma wajen keke, yana ta goge sarƙar da ba abin da ya same ta, bakinsa na alhamdu lillahi.

Da safe suka iso mararraba. Chaibou ya nuna hagu. "Ga hanyar tasha."

"Wa ya tambaye ka? Garin Fécamp saura kilomita nawa? Kuma ka rage surutu, shi ke cinye maka numfashi a hawa."

Kwana biyar suka ƙara. Har yau in aka yaba wa Chaibou kan farfaɗowar amininsa, sai ya ce a gode wa Allah da tsohuwar da ta buɗe ƙyaure.

To ku fa, da baƙi biyu sharkaf da gumi za su tsaya a ƙofarku suna tafa hannu, me za ku ce musu?