Tafiyarmu Abuja Kan Batun Yanke Tumbi

Shekaruna saba'in da huɗu a duniya, kuma abin da zan ba ku labari bai fi wata guda da aukuwa ba. Mun tashi da asuba daga Tudun Wada, ni da 'yata ta fari, wadda bisa al'adar da na gada ba na ambaton sunanta. Dalilin tafiyar shi ne ta ƙudurta a ranta sai an yi mata tiyatar rage ƙiba, wato likita ya yanke tumbin mutum ya bar masa ɗan kaɗan, domin cinsa ya ragu. Mijinta ya yi lallashi har ya gaji, daga bisani ya ce ba zai amince ba sai in ni na je na ji da kunnena. Ina tsoron kada a taɓa lafiyar uwar jikokina, wannan gaskiya ne. Amma ba zan ɓoye muku ba, akwai kuma son ganin ƙwaƙwaf. Na ga waɗanda aka yi wa aikin gwaiwa, na ga waɗanda aka yi wa na ido, amma ban taɓa jin an kai lafiyayye gaban wuƙa don kawai abinci yana karɓarsa ba.

Ku kuma sani, yarinyar nan ba wata ƙiba gare ta ba. Mace ce mai jiki daidai misali, irin wadda a zamaninmu in ta ratsa zaure, dattawa kan sa wa mijinta albarka.

Mota muka hau zuwa Kaduna. Hanyar ta yi kyau a wasu wurare, a wasu kuma direba yakan karkata ya bi hannun masu tahowa, kowa ya kama salati. Daga Jaji zuwa gaba gonaki sun yi albarka, dawa ta sunkuyar da kai, masu gasa masara sun jeru a bakin titi. Na sayi guda biyu da kuɗin da a dā zai ciyar da gida yini guda. Na miƙa mata ɗaya, ta ce ta ƙoshi. Abin da ta sa a bakinta tun asuba ruwan ɗumi ne da lemun tsami, cikin wata gora da take runguma kamar jariri. Na cinye duka biyun, don ba a yi mini tarbiyyar wulaƙanta abinci ba.

A Rigasa muka shiga jirgin ƙasa. Rabona da jirgi tun lokacin da yake cin gawayi, mutum ya sauka farar rigarsa ta koma launin toka. Wannan kuwa sanyi ne a ciki har sai da na ja rawanina na rufe kunne, tikitin ma a wayarta yake. Na zauna ina nazarin jama'a, tun da batun jiki ne ya fito da ni. Ga wani alhaji da ya cika kujerarsa har ya ci iyakar maƙwabcinsa, yana barci cikin natsuwa. Ga 'yan mata sirara kamar karan dawa, su ma suna duban kansu a waya suna ɓata fuska. Sai na lura mai ƙibar ne kaɗai a taragon nan bai da ƙorafi.

A Kubwa muka sauka, gidan ƙanwata, wadda ta daɗe a can tare da 'ya'yanta. Tana ganin 'yar tawa ta rangaɗa guɗa, ta kama kafaɗunta tana jujjuya ta.

"Masha Allah, ɗiyata! Kin yi ƙiba, kin yi kyau, hutu ya karɓe ki! Yaya, ka ga kumatu? Wannan miji Allah Ya saka masa."

Gaisuwa ce ta girmamawa, wadda muka taso muna ji, kuma har gobe ina ganin babu aibu a cikinta. Ma'anarta gidanki lafiya, mijinki yana riƙe da amana. Amma na ga fuskar yarinyar ta canza kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta yi murmushin dole ta ce, "Gwaggo, haka kowa ke faɗa." A nan na fara gane inda gizo ke saƙar. Duk suna, duk biki, duk gaisuwar Sallah, tsofaffi suna yi mata kirari, ita kuwa tana tattara shi gida a matsayin gori. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, har da tantaƙwashi. Ta yi loma biyu ta janye hannu. Ƙanwata ta dube ni, na dubi rufin ɗaki.

Da hantsi washegari muka tafi asibitin. Gini ne mai tsabta, ƙasansa santsi, sai da na riƙe sandata da kyau. Likitar mace ce, ba ta kai 'yata shekaru ba, amma ta rusuna ta gaishe ni da Hausa mai daɗi. Aka auna nauyin yarinyar da tsawonta, aka duba jini. Likita ta yi bayani cewa ba a duban nauyi shi kaɗai, sai an gwada shi da tsawo, kuma nata ya ɗan haura ne kawai. Babu ciwon sukari, babu hawan jini. Ta ce aikin an tanade shi ne domin wanda ƙiba ta yi wa katutu, ko ta haɗu da cuta, an bi sauran hanyoyi an rasa mafita. Ita dai ba za ta yi mata ba, shawararta ita ce ta rage kayan zaƙi ta riƙa motsa jiki.

'Yata ta ce a hankali, "In ba ku yi ba, akwai inda za su yi."

Na san halinta, kafiya ce irin ta gidanmu. Kunyar 'yar fari ba ta bar ni in yi mata gardama a gaban baƙuwa ba, saboda haka na mai da tambayoyina ga likita. Na ce, in an yanke, me ya rage? Ta ɗauko wani ɗan kofin shayi ta ajiye a gabanmu, ta ce a farko cin mutum ba zai wuce haka ba. Na ɗauke shi na juya. Ludayin furata ya fi shi zurfi. Na ce, yana tsirowa? Ta ce abin da aka yanke ya tafi ke nan. Mutum zai riƙa shan ƙwayoyin gina jiki iyakar rayuwarsa, ruwa kuma sai kurɓi-kurɓi, ba tare da abinci ba. Akwai masu fama da ƙwannafi, kuma kamar kowace tiyata, ana iya zubar da jini ko ɗinki ya ba da matsala. Na ce, azumi fa? Ta ce sau da yawa sukan ba da shawarar a jinkirta na shekarar farko. Na saci kallon yarinyar. Idonta na kan kofin.

Da muka fito, muka zauna a ɗakin jira kusa da wata hajiya Bakatsiniya, mai fara'a, wadda ta zo a duba ta. Hira ta haɗa su, hajiyar ta ce ai ita an yi mata aikin bara, kuma tana gode wa Allah. Sannan ta dubi 'yata sama da ƙasa.

"Wa kika rako?"

"Ni ce mai neman aikin, Hajiya."

"Ke? A ina za su yanka? 'Yar nan, ni shekara da shekaru goshina bai taɓa ƙasa ba, a kujera nake salla. Gwiwa ta ƙi, sukari ya ƙi. Don in yi sujada na yarda aka taɓa ni. Ke a ina kike sallarki?"

"A ƙasa."

"Ki tashi ba a kama ki ba?"

"Ƙwarai."

"To, abin da na sayar da tumbina na saya, ke kina da shi kyauta. Ranar sunan jikata cokali uku na ci, ina kallon dambu yana wucewa. Baba, ku tafi da ita gida."

Dattijo ba ya ƙara gishiri a miyar da ta ji.

Muka hau jirgin komowa, har muka wuce Jere. Can sai ta buɗe ƙullin da gwaggonta ta cusa mana, ta ɗauki dambun nama kaɗan ta ci, ta miƙo mini sauran. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Baba, na fasa. Zan bi abin da likita ta ce, in rage lemun kwalba, in riƙa zuwa ofis a ƙafa." Na ce Allah Ya yi albarka, na juya ina kallon duwatsu ta taga, domin akwai abin da bai kamata 'ya ta gani a idon ubanta ba.

Mun iso Tudun Wada bayan la'asar. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne aikin nan rahama ne ga wanda ya kai gare shi, wauta ce ga wanda bai kai ba, kuma magana takan tsufa kamar yadda mutum ke tsufa. Hujjata ga wannan na ƙarshe tana ƙofar gidana. Muna sauka daga keke, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta leƙo, ta dafe ƙirji.

"Wayyo, 'yar nan, kin rame! Me suka yi miki a Abujar?"

A zamaninmu wannan jaje ne. Yarinyar kuwa sai fuskarta ta washe, ta ce, "Da gaske, Inna? Allah Ya saka da alheri!" Tsohuwa ta tsaya baki buɗe tana dubana.

Wanda ke shakkar labarin nan, ƙanwata tana Kubwa, tsohuwar tana nan bangonmu ɗaya, surukina kuma yana tsaye a zaure a lokacin, ya ga matarsa ta dawo da tumbinta cikakke.