Shuni a Hannun Buzuwa

Makon jiya na shiga kasuwar Sabon Gari neman yadin makarantar jikata, sai na tsaya a rumfar wani dattijo mai sayar da turkudi, yadin nan mai rinin shuni. Ban yi niyyar saya ba, hannu ne kawai ya kai. Da na janye shi, sai ga yatsuna uku sun yi shuɗi, ƙamshin shunin nan ya daki hancina. Dattijon ya miƙo mini buta yana dariya. Ni kuwa na nemi benci na zauna.

Muna aji huɗu a firamare, a Samaru, aka kawo mana wata yarinya. Shekarar da fari ya koro Buzaye daga Nijar ne, ka ga su a bakin titi da buhunansu. Babanta ya samu gadi a gidan wani malamin jami'a, suka kafa 'yar rumfa a bakin ƙofa, su biyu kacal. Doguwa ce, siririya, rigar makarantarta kwance ce da aka ba ta, ta tsaya mata a gwiwa. Hausarta guntu-guntu. In an fita tara muna sayen ƙosai da ɗanwake, ita sai ta koma gindin darbejiya ta ciro cuku daga aljihu tana gutsura. Mu kuwa mu toshe hanci mu wuce, alhali ko ɗanɗana shi ba mu taɓa yi ba.

Amma abin da muka kama shi ne hannunta. Tafin hannu, tsakanin yatsu, har wuyan hannu, duk shuɗi-shuɗi ne mai duhu. Kowace Litinin a asambuli malamin tsafta kan bi layi da tsumagiya, kowa ya miƙa hannu a duba farce. In ya iso kanta ba ya ko tambaya. Bulala uku, a ce ta je ta wanke. Takan je famfo ta dirje da yashi, Litinin ta zagayo, shuɗin yana nan. Ni na laƙaba mata Hannun Tukunya, ba zan ɗora wa kowa ba. Ni ce mai bakin ajin, in na faɗi abu sai ya bi makaranta. Muna tafi muna rera sunan tun daga ƙofar makaranta har bakin kasuwa, tana gaba, ba ta waiwaye.

Kakata ta wajen uba, wadda ta rene ni, sabulun soda take yi tana kaiwa kasuwar Samaru. Ranar haɗi takan ɗaura leda a hannu, ta ɗauki doguwar muciya, ta kore mu can ƙofar gida. Har yau ina jin yadda warin ke shaƙe maƙogwaro. Kullum maganarta ɗaya: “Wannan wuta ne da ba shi hayaƙi. Kada in ga yarinya kusa.” Na faɗa maka wannan ne don kada ka yi mini uzuri. Ana cewa rashin sani ya fi dare duhu, to ni na sani.

Wata Juma'a da damina na ɗebi garin sodar a gwangwanin tumatir da Kaka ke awo da shi, na rufe da takarda, na kai makaranta. Da aka tashi na bi ta gindin darbejiya, ƙawayena uku suna leƙe daga bayan aji suna danne dariya. Na ce mata ta zuba a ruwa kaɗan ta jiƙa hannu, shuɗin zai fita, Malam ba zai ƙara dukanta ba. A raina na ce ƙaiƙayi zai yi mata, ta yi ta tsalle, mu sha labari ran Litinin. Ta karɓa da hannu biyu. Ranar na fara ganin haƙoranta, don ba ta taɓa yin murmushi a gabanmu ba.

Litinin ba ta zo ba. Talata ma haka. Ran Laraba na dawo gida na tarar da Kaka zaune a tsakar gida da gwangwanin a gabanta. Wata maƙwabciya ce ta je gidan malamin jami'ar wanki ta ga yarinyar, ta ga gwangwanin, ta kuma gane shi, don duk unguwa an san shi da lanƙwasasshen bakinsa, ta ɗauko ta kawo wa Kaka. Na jira duka. Kaka ba ta taɓa ni ba. Ta ɗora mini kwalbar zuma da kwanon man shanu, ta yafa gyale, ta ce, “Wuce gaba.”

An yi ruwa da safe, hanya duk caɓi, masara ta kai kafaɗa a gonakin bayan gidaje. Muka samu babanta a bakin rumfa yana fifita gawayi. Ya miƙe ya shimfiɗa mana buzunsa, ya zuba wa Kaka shayi, ya zuba mini. Ni da na ƙona masa 'ya. Kofin nan ya fi ƙarfina, na riƙe shi har ya huce.

Tana kwance a ciki, hannayenta a kan ƙirji, an naɗe su da tsumma mai shuɗi. Kaka ta durƙusa ta taɓa tsumman, ta murza shi tsakanin yatsu, sai na ji ta yi salati.

“Turkudi ne wannan, Malam. Na gaske. Wa zai yaga turkudi?”

Ya ce na mahaifiyarta ne. A hanya ta rasu, kafin su iso iyaka. Tun daga nan yarinyar ba ta barci sai ta ƙudundune a cikinsa, shi ya sa shunin ba ya barin jikinta. Da hannun ya sale, ya duba rumfar bai ga wani ƙyalle mai taushi ba sai shi.

Kaka ta juyo ta dube ni. “A garinsu mace mai shuni a jiki 'yar gata ne. Ni ma da shi aka kai ni ɗaki. Ku ne kuka mai da shi dauɗa.”

Sai yarinyar ta ɗago kai ta gan ni. Na ɗauka za ta nuna ni ga babanta. Cewa ta yi, a hankali, da Hausarta guntu-guntu:

“Ni na sa da yawa. Ki yi haƙuri, maganinki ya ƙare.”

Ban faɗa mata gaskiya ba. Wallahi ban ce komai ba, kuma wannan shirun shi ne abin da ya fi cina. Kaka ta yi ta zuwa tana shafa mata zuma har hannun ya kame, ni kuwa kullum sai in ƙirƙiro ciwon ciki. Kafin a yanke gero suka tashi. Wasu suka ce Kano, wasu suka ce sun koma gida. Kaka ta daina barina in taɓa sabulunta ko a kasuwa, har ta rasu ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Yau gonakin masarar nan duk sun zama ɗakunan haya na ɗalibai, an sare darbejiyar. Ni ma koyarwa na yi, shekaru masu yawa, a wata firamare a Dogarawa. Abokan aiki sun sha tsokanata cewa duk ranar duba farce sai na sami abin yi a ofis. Na bar su a kan ragwanci ne. Ba na iya ce wa yaro ya miƙo hannu.

Dattijon mai turkudi ya ga na daɗe a benci, ya sake turo butar, har da guntun sabulu.

“Hajiya, wanke mana, kada ya ɓata miki mayafi.”

Na ce ya bar shi. Da shi na hau mota, da shi na ci tuwo, da shi na kwana. Kwana biyu ya yi a yatsuna, ran na uku ruwan alwala kaɗai ya tafi da shi.