Kunnen Taubashina

Taubashina makanike ne na motopom, injin da masu albasa ke jan ruwa da shi cikin fadama. Shi ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonai, don haka tun muna yawo ba wando yake kirana bawanai, ni kuma in ce da shi ubangijin da ba shi da ko akuya. Lakwal, makarantar boko, tare anka kai mu, tare anka koro mu. Shi ya fito da sanin ƙarfe, ni na fito da lamba ɗaya zuwa goma da tabon bulala a cinya.

Da tsufa ya zo mishi, ta ido ya shigo. Farar yana ta rufe idanun har mutum ya koma mishi inuwa mai tafiya. Amma aiki bai tsaya ba, don shi dama da kunne yake gyara. Daga Azarori, har daga Babankatami, ana ɗauro motopom bisa amalanke ko bayan moto, wato babur, a sauke ƙofar gidanai. Sai ya ce a tada. Ya karkata kai kamar zakara mai kallon shaho, ya saurara kaɗan, ya ce buji ne, wato fulogi, ko karbirato ya sha ƙasa, ko mai ya gauraya da ruwa. Sauran aikin yatsunai ke yi. Matasan makanikai na Madawa suna da ido da kayan aiki sabbi, amma in inji ya gagare su, nan suke turo shi. Abin da ya rage mishi ke nan a duniya, kuma ya san da haka.

Wata shekara ɗanshi ya dawo daga cin rani da wani tsohon akwatin wasa baƙi, irin wanda ake soka wa kaset ta bisa, sai an hura ma kaset ɗin iska kafin ya yarda ya kama. Don jikoki anka sayo shi, jikoki sunka dube shi sau ɗaya sunka koma ga wayoyin iyayensu. Kaset guda ce ke aiki, ta tseren mota. Telen gidan kuwa, wato talabijin, muryatai ta daɗe da mutuwa, sai ɗan ya ja waya daga akwatin zuwa wani ƙaramin bafil, wato lasifika, mai maɓalli ɗaya na murɗawa, ya haɗa komi ga batir, ya koma inda ya fito.

Mu tsofaffi biyu munka gaji abin. Kullum tsakanin azahar da la'asar muna cikin zaure, shi hancinai kusan manne da gilashin tele don ya ga farin layin hanya, ni a gefe da idanuna biyu lafiyayyu. Kuma kullum shi ke cin tsere. Da kukan injin yake sanin lokacin canza bitas, wato giyar mota, da ƙarar taya yake sanin ya kusa fita hanya.

“Bawa, motarka kuka take, ba ka ji? Ka ba ta bitas, ba jakin gidanku ba ne.”

“Ka bar ni, tsohon makaho. Tausayinka nike ji.”

“Tausayin nan naka ya yi wata uku. Allah shi ƙara maka.”

Masu shigowa gaisuwa su tsaya su yi ta dariya. Har kasuwa labari ya kai, ana ce mini wanda makaho ya tsere ma. Ni kuwa mutum ne da ke son dariya in ni ke bisa.

Ranar da shaiɗan ya same ni, ina hura kaset ne. Babban yatsana ya taɓa wani ɗan abu a goshin akwatin, gefen hagu, mai zamewa sama da ƙasa, da lambobi jere kusa da shi. Na tura shi ƙasa, sai kukan mota ya dushe.

“Mi ya faru?”

Na maida shi da sauri. “Waya ce ta motsa.”

Shi maɓallin bafil kaɗai ya sani. Wanga ɗan abu bai taɓa ganinai ba, ba kuwa zai gani ba. Bisa takwas yake zaune. A nan karatuna na lakwal ya yi amfaninai na farko tun da anka haife ni.

Ban yi gaggawa ba. Kullum in na karɓi kaset don in hura, sai in rage kaurin farce. Shi kuma in ya ji muryar ta yi ƙasa, ya miƙa hannu ya murɗa na bafil sama. Ina ragewa, shina ƙarawa, har ranar da maɓallinai ya kai ƙarshe ya ƙi murɗuwa. Daga nan ba shi da wurin gudu.

“Bawa, ba ka ji kamar motar ta yi nisa ba?”

“Wace nisa? Ni har kaina take sarawa. Ka rage ma in ka ga dama.”

Ya koma ga tuƙinai. Na ƙara da wani abu da nike jin kunyar faɗi: in muna mu biyu, sai in riƙa haɗiye ƙarshen magana, in ya ce “Na'am?” in ce “Haba, sau nawa zan faɗi?” Cikin sati biyu lamba ta sauko zuwa uku, ni kuma na fara cin tsere. Na bi masu yi mini dariya ɗaya-ɗaya na shaida musu.

Niyyata wasa ce, wanga kam Allah ya sani. Tsakanin taubasai an yi abin da ya fi haka. Shi da kanai ya taɓa cika mini kwalbar taba da garin barkono ranar suna. Ƙa'idar ita ce ka ɗana, ka bari ya faɗa, sannan ka tone gaban jama'a a yi dariya, wanda anka yi ma kuma ba shi da ikon fushi. Ina jiran ranar da zaure zai cika ne. Abin da ban sa cikin lissafi ba shi ne kawuna, ubanai. Da kurumta ya ƙare. Shekarunai na ƙarshe bakin ƙofa ya yi su, shina murmushi ga kowace magana, ta biki da ta mutuwa. Ni ma na gani da idona. Ban tuna ba, ko kuwa na tuna na kau da kai.

Wata ranar kasuwa wani mutumin Azarori ya sauke motopom ƙofar gida muna cikin wasa. Albasatai ta fara ƙwai, inji na tari, kwana biyu ba ruwa. Ya yi sallama ya ce, “Baba, a taimaka a saurara mini.”

Taubashina bai tashi ba. Ya ce, “Ɗana, kai shi Madawa.”

“Baba, daga can nike. Su sunka ce in zo nan.”

“To ka koma ka ce musu kunnen ya tafi.”

Mutumin ya yi dariya, shina tsammanin raha ce. Ya ce ai ga shi suna magana lafiya lau. Taubashina ya ce, “Maganar mutum kauri gare ta, ita ke tafiya daga ƙarshe. Siririn sauti ke fara gudu, kuma da shi nike aiki. Haka ta fara ma tsohona. Ba zan ce maka buji ba, ka tafi, albasarka ta ƙone bisa maganata.”

Ina zaune nan, kaset a hannuna. Bakina ya buɗe, na ji shi ya buɗe. Mutumin ya ɗaure injinai ya hau moto, ina kallo har ya ɓace. Na sha neman dalili mai kyau na wanga shiru nawa, wanda zan iya faɗi gaban mutane, ban samu ba. Abin ya yi girma ne ya wuce wasa, ni kuma ban son a ga hannuna ciki. Har tsere ɗaya munka ƙara yi bayan tafiyar mutumin, kuma na ci.

Kwana uku ban leƙa gidan ba, na ce ƙafa ke ciwo. Ran na huɗu da hantsi matatai ta same ni ina gyaran danga.

“Malam, kai ma gudunai kake?”

“Ni? Ƙafa ce.”

“Ƙafar da ka je kasuwa da ita jiya? To ka ji. Ya naɗe kile-kilenai na kwance inji cikin buhu ya sa an tura ƙarƙashin rumbu. Mutum biyu ya kora. Tuwo sai ya taɓa ya ture. In ya zaci ba kowa, sai ka gan shi shina kaɗa yatsu kusa da kunne, wanga gefe, wancan gefe. Jiya ya ce in ya kurumce kada in bari a zaunar da shi bakin ƙofa.” Ta gyara lulluɓi. “Kai ne abokin wasanai. Kai kaɗai ke sa shi dariya. Ka zo don Allah.”

Na ce ina zuwa. Da ta tsine mini da ya fi sauƙi.

Ko a nan ban yi abin kirki kai tsaye ba. Dabara na nema, irin ta ɓarawon da ke son maida akuya ba a gan shi ba. Na je bayan azahar, na lallashe shi ya zauna, na hura kaset, na tura ɗan abin nan ya koma takwas. Da maɓallin bafil a ƙarshe, kukan mota ya cika zaure har kaji sunka watse a tsakar gida. Na ce cikin raina shi ke nan, zai ce ya warke, kowa ya huta.

Ya saurara. Ya aje abin tuƙin bisa tabarma.

“Ina ka aro wanga bafil?”

“Wane aro? Naka ne.”

“Kada ka yi mini haka, bawa. Haka munka yi ma tsohona. Muna kwakwazo cikin kunnenai, muna ce mishi a hankali muke magana. Na san wanga aiki, da ni anka yi shi. In tausayina kake ji, ka ji shi a gidanka.”

Hanya ta ƙare. Na kama hannunai, na ɗora yatsanai bisa ɗan abin. Na tura ƙasa, mota ta yi nisa. Na tura sama, ta dawo. Na saki.

Ya yi da kanai. Sama, ƙasa, sama, ƙasa. Ya daɗe shina yi.

“Lamba gare shi?”

“I.”

“Nawa ka tarar?”

“Takwas.”

“Nawa ka kai shi?”

“Uku.”

“Ranar mutumin Azarori fa? Kana nan zaune.”

“Ina nan.”

Sai ya yi dariya. Dole ya yi, don taubashi ba ya fushi da wasan taubashi, wanda ya yi fushi shi gari ke zagi. Ya buga cinya ya ƙwala ma matatai kira. “Zo ki ji abin da bawana ya yi! Wanda ko sunanai bai iya rubutawa, ashe lamba ya sani!” Ta zo ta tsaya bakin zaure, ya ba ta labari shina dariya, hawaye na bin gemunai. Ita ba ta yi dariya ba. Ta dube ni, ta ɗauki kwanon ruwan da ta aje mini, ta koma ciki da shi.

Washegari da safe na ari amalanke na ɗauko motopom ɗin maƙwabcina, wanda ya kwana biyu shina shaƙewa, na zo da shi da mai shi. Na sa anka jawo buhun kile daga ƙarƙashin rumbu. Mutane sunka taru, don labari ya riga ya zaga.

“Ubangijina, ga aiki,” na ce. Karo na farko ke nan da na kira shi haka ban ƙara komi a baya ba.

Ya fito shina lalube, ya tsuguna. Anka tada inji. Ya karkata kai. Munka jira. Ya ce a kashe. Ya ce a sake tadawa. Anka sake. Sau uku ana haka, mai inji na share zufa.

“Kamar karbirato,” ya ce daga ƙarshe. “Amma kada ku kama maganata. Ku buɗe ku gani da ido.”

Anka buɗe, ga ƙasa cunkushe ciki. Jama'a sunka ɗau kabbara, ni na fi kowa ɗaga murya. Na ce, “Ka gani? Kunnenka garau yake!”

Bai juyo wajena ba. Ya miƙa hannu ya lalubo rigar mai injin, ya jawo shi kusa, ya tambaye shi ƙasa-ƙasa, amma na ji.

“Ɗana, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Wanga ɗan shaƙewa da yake yi can ƙarƙashi, kai ma ka ji shi, ko dai na yi sa'a ne?”